Daga Kano Zuwa Nima Saboda Yatsa Ɗaya

Talata: Kano zuwa Legas

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba maigidana ya tada mota, ni kuwa ina durƙushe a tsakar gida ina sake buɗe jakata karo na uku. Ya leƙo ya ce, "Rakiya, Akra za ki ko ƙaura za ki yi?" Na ci gaba da laluben jakar. Ba kayan sawa nake dubawa ba. Takardu talatin ne cikin leda, da 'yan na'urori huɗu da na naɗe a tsohon ɗankwali, kuma dominsu za a yi tafiyar.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha shida ina sa mutane barci a ɗakin tiyata, in tsare numfashinsu har a gama, in tashe su. Akwai 'yar na'ura da muke maƙala wa majinyaci a yatsa, kamar abin maƙale shanya. Oksimita muke ce mata. Tana haska yatsa ta nuna mana yawan iskar da ke cikin jini. Wata ranar Laraba da rana tsaka aka shigo mana da wata mata haihuwa ta gagara, hannuwanta da ƙafafunta sun sha baƙin lalle, don a satin ake bikin ƙanwarta. Na maƙala mata na'urar, lamba ta yi ta rawa, ta zo ta ɓace. Na bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, likita yana jirana da wuƙa a hannu, sai a kunne na samu abin da na yarda da shi. Matar ta tashi lafiya. Ni ce ban ƙara samun natsuwa ba, don ban san ko lallen ne, ko sanyin hannunta, ko na'urar ce ta gaji ba.

A wani taron horaswa na haɗu da Dakta Efua, likitar sa barci daga Akra, ashe ita ma tambayar nan tana cinta game da matan zango, wato unguwannin Hausawa na can. Ita ta yi wahalar nemo izinin kwamitin da ke duba bincike a kan mutane. Tsarin da aka amince mana ba shi da wuya: mata talatin masu lafiya, a hannu guda a gwada yatsa mai lalle, a gwada wanda ba lalle, a rubuta. Izinin zai ƙare a ƙarshen wata, kuma Asabar ɗaya tak aka ba ta aron ɗaki da babbar na'ura. Shugaban sashenmu Dakta Sambo, wanda ya laƙaba mini "Sista mai binciken ƙunshi", ya ba ni kwana takwas. Ya ce, "In kika dawo hannu rabbana, kada in ƙara jin zancen lalle a sashen nan." Na ce to, raina yana tafasa.

Jirgi ya tashi bakwai da kwata, tara saura kwata muna Legas. A Agege na sauka wajen wata ƙawata da muka yi makarantar jinya tare, ta cika ni da amala da hirar mutanen da.

Laraba: iyaka uku a yini ɗaya

Shida daidai bas ɗinmu ta bar tasha. Daga Legas zuwa Akra kilomita ɗari huɗu da sittin ne ko kusa da haka, tafiyar da ba ta kai rabin ta Kano zuwa Legas ba, amma iyakoki uku suka cinye yinin. Tara saura muka isa Seme, iyaka ta farko. Aka duba fasfo da katin rigakafin shawara, sannan wani jami'i ya warware ɗankwalina ya ɗaga na'ura ɗaya.

"Hajiya, wannan fa?"

"Kawo yatsanka, ranka ya daɗe."

Ya miƙo, na maƙala masa, lamba ta fito tas. Na ce masa jininsa ya ƙoshi da iska. Ai kuwa sai ya kirawo abokan aikinsa biyu, su ma sai da na gwada su, direbanmu yana ta danna ham.

Kwatano cike take da 'yan acaɓa masu rigar ruwan ɗorawa. A iyakar Togo direba ya ce kowa ya mai da agogonsa baya da awa ɗaya, na ce madalla, yau ni ma an ƙara mini lokaci. A Lome titi ya bi bakin teku, na manna fuskata a gilashi ba kunya, don ban taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba. Mun tsallaka Aflawo, iyaka ta uku, biyu da rabi, muka sayi burodi a Sogakofe gab da gadar Bolta, cunkoson Tema ya riƙe mu awa guda cur.

Ana kiran magariba na sauka Akra, na shiga tasi. Na ce unguwar Nima, gidan Azumi mai lalle. Direban ya juyo yana dariya. "Ah, Hajiya Azumi! Shi ya yi wa matata lalle ranar aure. Hannunshi ya iya aiki paa!" Hausar zango ke nan, mace da namiji duk "shi" ne, sai kunnenka ya saba.

Gwaggo Azumi ƙanwar mahaifina ce. Wani ɗan kasuwar goro ya aure ta ya kawo ta Nima shekara arba'in da suka wuce, ya rasu, ita ta zauna da sana'ar ƙunshi. Ita na roƙa a waya ta tara mini mata. Ta rungume ni tana kiran sunan babana, ta dire mini tuwon zafi da miyar ayoyo. Ina ci tana kallona tana murmushi. Ta ce, "Ci ki kwanta, 'yata. Gobe za ki ga abin da na yi miki."

Alhamis: Nima

Na gani kuwa. Tara na safe, ina shan koko da ƙosai, sai sallama ta ko'ina. Mata suka cika tsakar gidan har bakin lungu, sun sha ado kamar ranar suna. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ku nuna wa likita!" Gaba ɗaya suka ɗaga hannuwa.

Innalillahi. Mata talatin da huɗu, kowace yatsu goma baƙi wuluk har kan farce, zanen fulawa ya hau har gwiwar hannu. Na kalli ƙafafu, su ma haka. Ko ɗan yatsa ɗaya ba a bari ba. Baƙin lalle kuwa in ya kama sai ya yi makonni, ni kwana biyu gare ni.

Bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Na ce, "Haba Gwaggo! Wa ya ce ki yi musu duka goma? Ai kin ɓata mini aiki!"

Gwaggo ta dube ni a gaban matan da suke girmama ta, ta ce a hankali, "Kwana biyu ni da abokan sana'ata muna durƙushe a kan hannuwan nan. Cewa kika yi mata talatin masu ƙunshi. Ni ban san ƙunshin da ake barin yatsa ba." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Gaskiya ta faɗa. Ban yi mata bayanin komai a waya ba, kuma na san dalili: a raina na ɗauka tsohuwar da ba ta yi boko ba ba za ta gane zancen na'ura ba. Wannan rainin nawa ne ya jawo, ba ƙoƙarinta ba. Na ba matan haƙuri da bakin da ya yi nauyi, na fita neman torotoro, wato bas ɗin haya ta garin.

Minti arba'in na yi kafin in isa ofishin Dakta Efua. 'Yar siririya ce mai magana a sanyaye, da Turanci muke yi. Na zayyana mata komai, na ce mu gwada yatsa da kunne kawai, tunda kunne ba lalle.

Ta girgiza kai. "Yatsa da yatsa kwamiti ya amince mana. In za mu sauya, sai mun koma gabansu, wata uku ke nan."

"To mu goge musu yatsa ɗaya da lemon tsami."

"Yatsan da aka goge ba yatsan da ba a taɓa ba ne, Sista. Ke ma kin sani."

Na sani mana, shi ya sa abin ya ƙara ƙona mini rai. A ranar ji na yi kamar in shaƙe ta, yau kuwa ina gode mata. Ta ce in babu matan gwaji ranar Asabar, za ta mai da mukullin ɗakin, shi ke nan.

Bayan la'asar na koma na durƙusa a gaban Gwaggo. Na ce, "Na yi rashin kunya, ki yafe mini." Ta ci gaba da tankaɗen garin lalle. Na ɗauko na'ura na maƙala a yatsana, na nuna mata jan hasken da ke ratsa shi. Sannan na ba ta labarin matar ranar Laraba tun daga farko, yadda ya kamata in ba ta tun a waya. Rariyar ta tsaya a hannunta.

"Ta rayu?"

"Ta rayu, Gwaggo."

"Ɗan fa?"

"Yana nan, har ya fara gudu."

Ta karɓi na'urar tana juya ta. "Wato wannan ƙaguwar taku mai cizon yatsa, ta cikin yatsa take leƙawa. Mu kuma muna rufe mata taga."

"Abin da muke so mu tabbatar ke nan. Wataƙila haka ne, wataƙila ba haka ba ne."

Ta ce akwai aure ranar Lahadi. Matan da na gani da safe dangin amarya ne da maƙwabta. Dangin ango suna unguwar Mamobi, gobe Juma'a za ta yi musu nasu. Na buɗe baki zan yi godiya, amma ta ɗaga mini hannu. "Kada ki yi murna tukuna. Shekara arba'in ban taɓa barin yatsa ba. In mata suka shiga biki da yatsa fari, ba ke za a zaga ba. Cewa za a yi Azumi ta tsufa, ido ya tafi."

Juma'a: Mamobi

Bakwai da rabi muka fita a ƙafa, Gwaggo a gaba, abokan sana'arta uku ɗauke da robobi, ni a baya kamar wadda aka kamo. Tafiyar minti ashirin ce ta lunguna, ana gaishe ta a kowace ƙofa, wani da Hausa, wani da Tuwi, yaren mutanen ƙasar, ita kuma tana amsa wa kowa da harshensa.

Mai faɗa a ji a gidan ango ita ce Hajiya Memuna, yayar mahaifiyarsa, ƙatuwar mace mai sayar da shinkafa a Kasuwar Malam Atta. Ta dube ni sama da ƙasa. "Wannan shi ne likita na Kano?" Na gaishe ta, na fara bayani. Na yi dogon zance, na kawo iskar jini, na kawo haske, na kawo kwamiti. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Dakata. Kana so dangin ango ya shiga aure da yatsa tsirara? Mutanen Nima ya ce lalle ya ƙare mana a hanya? A'a, 'yata. Je ka nemi wani gida."

Na dubi Gwaggo, ido ya kawo ruwa. Ba ta ko kalle ni ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta zauna, ta ce, "Rakiya, kawo hannunki na hagu."

Na miƙa. Ta fara zane tun daga wuyan hannu, ganye da fure, hannunta ko rawa ba ya yi. Ta rufe babban yatsa, ta rufe manuni, ta rufe na tsakiya. Da ta zo yatsan zobe sai ta tsaya a gaɓar farko, ta zagaye shi da siririn layi biyu, ta jera ɗigo a tsakaninsu kamar zoben azurfa, ta ɗan fitar da ganye guda yana kallon sama. Daga nan har farce ta bar shi yadda Allah ya yi shi. Ta tsallaka ƙaramin yatsa ta cike shi. Wallahi ni da ke neman abin don aiki sai da na saki baki. Duk wanda ya gani ya san da gangan aka yi, farin yatsan shi ne ma adon hannun.

Mata suka zagaye mu. Hajiya Memuna ta kama hannuna ta juya shi, ta sake juyawa.

"Wannan sabon yayi na Kano ne?"

Gwaggo ta ce, "Kano ba su san shi ba. Nima ma ba wadda ta samu. Yau na fara shi, a gidanki. In ba ki so, in kai wa dangin amarya, har yanzu amaryar ba a yi mata ba."

Hajiya ta ja kujera da ƙarfi ta zauna, ta tura hannun riga sama. "Amarya ya jira. Fara da ni."

Na ce a dakata, don aiki ne, ba dabara ba. Na miƙe na faɗa musu a gajarce wannan karon: abin da za a yi musu gobe, da dalilin yinsa, da cewa ba allura, ba ɗibar jini, ba za a rubuta sunan kowa a waje ba, kuma wadda ba ta so ba ta yi laifi ba, za a yi mata ƙunshinta yadda ta ga dama. Wata matashiya mai goyo ta ce ita goma take so, mijinta ya saba gani haka. Gwaggo ta yi mata goma ba tare da ta ɓata fuska ba. Sauran kuwa har rigima suka yi a kan layi. Da sallar Juma'a ta wuce aka aika wa dangin da ke Abosi Okai su ma su zo, ba mu tashi ba sai gab da magariba, gadon bayan Gwaggo har ya ƙi miƙewa.

Asabar: ɗakin gwaji

Takwas saura kwata Dakta Efua ta buɗe ɗaki a wani ƙaramin asibiti da ke kusa, tana ta kallon agogo. Takwas da minti goma sai ga torotoro biyu sun tsaya. Hajiya Memuna ta fara saukowa, hannunta na hagu a sama kamar mai rantsuwa.

Kowace mace aka karanta mata takardar yarda da harshen da take ji, ta sa hannu ko ta dangwala. Ta zauna minti biyar ta huta, hannu ya yi ɗumi. Ni ina maƙalawa, yatsa mai lalle sannan farin yatsa, sau uku-uku, Dakta Efua tana rubutawa, ba mai yi wa wata magana sai lamba ta tsaya. Hajiya ce kawai ta kasa shiru. "Likita, jinina ya fi na mutanen Nima, ko?" Na ce wannan ba ya cikin takardarmu.

Wajen sha ɗaya sai ga matan Nima masu yatsu goma-goma, ɗauke da kulolin wace, wato wake da shinkafarsu, da yajin shito. Suka ce tunda an ƙi hannunsu, ai ba za a ƙi abincinsu ba. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi ta. Dakta Efua ta sa aka auna wa duk mai so hawan jini, kada su koma haka nan.

Uku da minti ashirin na cire na'ura daga yatsan mace ta talatin. Mata biyu suka rage a benci suna mita, wai an sa sun bar yatsa a banza. Abin da takardun suka nuna ba zan faɗa a nan ba, sai an tantance, masana sun duba, haka ƙa'idar take. Amma takarda talatin na ɗauko daga Kano, talatin kuma suka cika, ba wadda aka yi wa coge.

Dakta Efua ta ce a tambayi Gwaggo yadda take so a rubuta sunanta a wurin godiya in rahoton ya fito. Na fassara. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Azumi mai ƙunshi, Nima. Kada ta manta da mai ƙunshin."

Lahadi zuwa Talata: biki da komawa

A wurin biki ban ci abin kirki ba don kallo. Dangin ango suna ta gyaran ɗankwali da hannun hagu ba gaira ba dalili, dangin amarya suna bin yatsun da ido. Wata ta tare Gwaggo a gabana ta ce, "Hajiya, mu maƙwabtanki ne, amma Mamobi kika kai wa sabon abu?" Gwaggo ta ce ta zo bayan sati uku in nata ya goge.

Litinin biyar da rabi na asuba ta raka ni har bakin titi, ta cusa mini ƙullin garin lalle da kwalbar shito. Na sake tsallake iyakokin nan uku, awar da aka ba ni a Togo aka karɓe abarta, na kwana a Agege. Talata biyu na rana na sauka Kano, maigida ya kama hannuna a mota yana kallo, ya ce, "Lallen ne bai isa ba?" Na ce ya tuƙa mota kawai.

Laraba da safe na ajiye kwafin takardun a teburin Dakta Sambo, da hannun hagu, da gangan. Ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya dubi yatsan, ya ce, "Sannu da hanya, Sista Rakiya." Ban ƙara jin ɗaya sunan a bakinsa ba.

Alhamdu lillahi da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa maigidana, da ƙawata ta Agege, da Dakta Efua da ta ƙi bin son raina, da Hajiya Memuna da matan Mamobi, da matan Nima da na kunyata suka rama da abinci. Godiyar da ta fi duka ta Gwaggo ce. Sati biyu da dawowata ta kira ni ina shirin shiga tiyata. Ta ce yanzu duk mai ciki da ta zauna a tabarmarta, in cikin ya tsufa, ba ta yi mata goma, ko da sakamakonmu bai fito ba, ita ba za ta jira ba.

"Ki gaya wa likitocinku na Ankara," in ji ta, don har yau haka take kiran Akra, "in mace ta fito daga hannuna, kada su tsaya lalube. Hannun hagu, yatsan zobe. Na bar musu a buɗe."